Gwiwar hagu da kafaɗa yayin jan sanda baya a ƙwallon lambu (golf)

Sabon Ɗan Wasa:
Assalamu alaikum. Shekarata biyu ke nan ina buga golf, kuma da hannun dama nake bugu. Da na ɗauki kaina a bidiyo da waya, sai na ga duk lokacin da na ja sanda baya gwiwata ta hagu tana durƙushewa gaba, kafaɗar hagu ta bi ta ƙasa, kaina ma ya sunkuya. Sakamakon haka sandar takan caki ƙasa kafin ta kai ga ƙwallo. Shin ƙame gwiwar zan yi gaba ɗaya, ko kuwa daga kafaɗa matsalar take?

Mai Horarwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ƙame gwiwar, domin idan ta ƙame ƙugu ba zai juya ba, kuma ƙashin bayanka ne zai ɗauki wahalar. Abin da ake so shi ne ƙugu ya juya kimanin digiri 45, kafaɗu kuma kimanin digiri 90, ita kuwa gwiwar hagu ta bi ƙugun a hankali zuwa ciki, har ta nuna wurin da ke bayan ƙwallo kaɗan. Gwiwarka kuwa gaba take tafiya saboda nauyinka yana zama a kan ƙafar hagu, alhali ya kamata ya koma cikin dunduniyar dama. Kafaɗar hagu lallai za ta sauka ƙarƙashin haɓa, amma juyawar ƙirji ce za ta kai ta can, ba lanƙwashewar ƙafa ba. Ka gicciya sanda a ƙirjinka, ka riƙe ta da hannuwa biyu, ka tsaya kamar za ka buga, sannan ka juya a gaban madubi har bakin sandar ya nuna bayan ƙwallo ba tare da tsayin kanka ya ragu ba.

Dattijon Fili:
Na yarda da bayanin Malam, sai dai akwai abin da ya shafi irinmu da shekaru suka ja. Yanzu ana yawan koya wa matasa su manne dunduniyar hagu a ƙasa, kuma na ga mutane da dama da wannan ya jawo musu irin matsalarka, domin jikin da ba shi da laushi idan aka hana shi juyawa, ta gwiwa zai nemi mafita. Jack Nicklaus, wanda ya ci manyan gasa 18, ta ƙarshensu a 1986 yana da shekara 46, yana ɗaga dunduniyar hagu sosai idan ya ja sanda baya. Ɗana, ka bar ta ta tashi kaɗan idan ƙugu ya ja ta, amma ka tabbata ita ce ta fara komawa ƙasa kafin hannuwa su sauko.

Sabon Ɗan Wasa:
Na gode, Baba, na gode, Malam. Na gwada a gaban madubi da yammacin nan, kuma na ji nauyin ya koma ƙafar dama kamar yadda aka bayyana. Zan sake ɗaukar bidiyo ranar Asabar daga gaba, domin in ga ko kan ya daina sunkuyawa idan akwai ƙwallo a gabana.