Wa ya taɓa buga golf a bakin teku cikin iska? A zo a ba mu labari

Bakano a Preston: Assalamu alaikum jama'a. Kulob ɗinmu ya sa sunana a wata gasar 'yan sha'awa da za a yi a filin bakin teku nan Lancashire, irin wanda suke kira links. Ni duk buguna a filayen cikin gari ne, masu bishiyoyi da ciyawa mai laushi. Wanda ya taɓa bugawa a irin wurin, ko ya je kallon gasar Open, babbar gasar golf ta Birtaniya da ake yi a irin waɗannan filaye, ido da ido, don Allah ya faɗa mana abin da ya gani.

Likitan Dundee: Wa alaikumussalam. Abu na farko, talabijin ba ta nuna iska. Ina filin St Andrews na Scotland ranar Asabar ɗin Open ta 2015. Da sassafe aka fito da 'yan wasa su ƙarasa zagaye na biyu, wajen rabin awa kawai aka yi aka dakatar. Kuma ba ruwa ake yi ba, gari garau. Ƙwallo ce ta ƙi tsayawa kusa da rami: mutum zai ajiye ta, ya tsuguna yana duba hanya, kafin ya miƙe ta mirgina abinta. Haka muka yini muna shan shayi a bayan rumfuna, sai da yamma aka koma. Gasar da ya kamata ta ƙare Lahadi sai Litinin aka gama, Zach Johnson ya ɗauka bayan bugun raba gardama da Louis Oosthuizen da Marc Leishman. Masu tikitin jirgin ƙasa na daren Lahadi sun ji jiki.

Tsohon Kadi: Yaro, saurara. Na ɗauki jakar 'yan golf a Kaduna tun ina ƙarami, kuma Allah ya sa na buga a gaɓar Fife ta Scotland bayan na girma. Wurin nan ba a faɗa da iska. In tana bugo maka fuska, zuciyarka za ta ce ka ƙara ƙarfi. Kar ka yarda. Ƙarfin shi ke sa ƙwallo ta yi ta juyi, ta haye sama, iska ta riƙe ta, ta sauke maka ita a rabin hanya. Ɗauki sanda wadda ta fi wadda ka saba tsawo da lamba biyu, ko uku ma, ka riƙe ta ƙasa kaɗan, ka ja ƙwallon baya wajen ƙafar dama, ka buga a hankali kar ka ƙarasa lilon. Ta tafi ƙasa-ƙasa, ta sauka tun kafin wurin ramin, ta gangara da kanta. Ƙasar yashi ce mai tauri, ba ta riƙe ƙwallo. Wanda ya taɓa bugawa a Arewa da rani, ƙasa ta bushe ga hunturu na kaɗawa, ya riga ya san rabin karatun. Ko kana taku ashirin daga shimfiɗar rami, wato gajeriyar ciyawar da ke kewaye da ramin, in ba abin da ya tare ka, ciro fota, sandar gangara ƙwallo, ka gangara ta. Ba abin kunya ba ne, manya ma haka suke yi.

Sai ramukan yashinsu. Ƙanana ne masu zurfi, an jera yankan ciyawa an gina musu bango a tsaye. In ka faɗa kusa da bangon, fita ta gefe, ko ma ta baya. Tiger Woods ya ci Open a St Andrews a 2000 bai shiga ko ɗaya ba a kwana huɗu. A Hoylake kuma, 2006, sau ɗaya tak ya ciro babbar sandarsa ta bugun nesa. Wannan ba tsoro ba ne, lissafi ne.

Uwar Biyu, Belfast: Ni 'yar kallo ce, maigida ne mai bugawa. Mun je Portrush ranar ƙarshe ta Open a 2019, ranar da aka matso da lokacin farawa saboda hadari, Shane Lowry ya ci da tazarar bugu shida. Malam Bakano, ka bar lema a gida. Tawa ta juye tun muna hawan tudun yashi na farko, kuma a bakin hanya kwandunan shara duk karyayyun lemomi ne. Rigar ruwa da wandonta, hula mai kama kai, da takalmi mai riƙe ƙasa, don ciyawar tudun santsi gare ta. A Yuli fa ake maganar nan! Kuma in kallo ka je, nemi rami ɗaya ka zauna. A nan za ka ga yadda wuri guda ke sauyawa tsakanin hantsi da la'asar.

Ɗan Zariya: Ni wannan sauyin ne ma bai kwanta min ba. Ina adalcin yake? A Open ta 2010 Rory McIlroy ya gama zagayen Alhamis da bugu 63 kacal, washegari ya fito cikin iskar rana sai da ya yi bugu 80. Oosthuizen da ya fita da safe ranar Juma'ar ya riga ya gama kafin abin ya tsananta, shi ya ci gasar. Tiger ma a Muirfield 2002, 81 ya buga da hadari ya rutsa da shi. Rabin abin sa'a ce.

Tsohon Kadi: Sa'a akwai, ba wanda ya musa. Amma a ranakun farko biyu kowa ana ba shi safe ɗaya, rana ɗaya. Kuma Oosthuizen da tazarar bugu bakwai ya ci, Malam. Safiya ɗaya ba ta ba mutum bakwai.

Likitan Dundee: Baba ya yi gaskiya, ko da yake Ɗan Zariya ma yana da tasa. Bakano, ga doka ɗaya da za ta yi maka amfani a gasarku. Tun 2019, in ƙwallonka na kan shimfiɗar rami, ka sa mata alama, ka ɗaga, ka mayar, sannan iska ta tura ta, inda take a da za ka mayar da ita, ba hukunci. In kuwa ba ka riga ka ɗaga ta ba, inda iska ta kai ta nan za ka buga, ko da cikin ramin yashi ne. Saboda haka kana isa, fara sa alama kafin komai. Ka kuma danne katin makinka a aljihu mai zif.