Maki 257 a JAMB, tana son likitanci a BUK: mu jira ko mu canza?

Baffan yarinya, Kantin Kwari:

Assalamu alaikum jama'a. Ni ɗan kasuwa ne, shadda da yadi nake sayarwa a Kwari. Bokona bai wuce aji uku na sakandare ba, don haka ku yi mini uzuri idan tambayar ta zo a karkace.

'Yar ƙanina ce, Allah Ya ji ƙansa, tun tana aji huɗu na firamare take hannuna. Bana ta gama sakandare, shekararta 17. A JAMB ta samu 257: Turanci 58, Fiziks 61, Kemistiri 66, Bayoloji 72. WAEC ta fito makon jiya, tana da B2 a Bayoloji, B3 a Kemistiri da Lissafi, C4 a Fiziks, Turanci kuma C6. NECO ba ta fito ba tukuna. Zaɓinta na farko likitanci a BUK, na biyu jami'ar Northwest. Mu 'yan Kano ne gaba da baya, ƙaramar hukumar Gwale, takardar shaidar tana nan cikin leda ɗaya da ta haihuwarta.

Ranar da saƙon makin ya shigo wayarta har guɗa aka yi a gidan, ni kuma na sa aka yanka kaji biyu. To daga baya sai kowa ya zo da tasa. Maƙwabcin shagona ya ce ɗansa ya fi ta maki shekarar da ta wuce amma bai samu ba. Wani kuma ya ce ai ɗan Kano ko da ƙasa da haka shigewa yake. Sai ga wani mai babbar riga da yakan zo sayen yadi a wurina, ya ja ni gefe ya ce yana da hanya, in kawo naira 350,000, rabi yanzu rabi in suna ya fito. Ni kuwa tun da nake kasuwa ban taɓa cinikin biri a sama ba, amma ba zan ɓoye muku ba, maganar ta kwana a raina.

Abin da ya sa na damu: mahaifinta ciwon ƙoda ne ya yi ajalinsa, wata bakwai muna jinya. Tana ƙarama take riƙe masa flas ɗin shayi a gefen gado. Tun daga lokacin ba ta taɓa cewa za ta zama wani abu ba sai likita. Littafin Bayolojinta duk ya ruguje, da salatif ta ɗaure bangon.

Ku gaya mini tsakani da Allah. 257 za ta kai ta? Ko mu canza kos tun da sauran lokaci?

Ɗalibin likitanci, aji biyar:

Wa alaikumus salam Baffa. Allah Ya saka da alheri da riƙon zumunci.

Farko dai, makin nan ba ƙarami ba ne, kada wani ya raina mata shi. A sakamakon farko na jarabawar 2025, cikin mutum sama da miliyan 1.9 da suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. Ka ga kajin nan ba su mutu a banza ba.

Sai dai ita ba da waɗancan miliyan ɗaya da rabin take takara ba. Abokan takararta su ne waɗanda suka sa likitanci a BUK zaɓin farko, kuma a nan ne masu 280, 300 da abin da ya yi sama suke taruwa. Guraben kuwa jami'a ba ta da ikon ƙara su yadda ta ga dama. Hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke yanke wa kowace makarantar likitanci adadin da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwajinta da asibitin da take koyarwa, a nan wato Asibitin Malam Aminu Kano. Shi ya sa babu wanda zai iya ba ka lamba ɗaya ya ce daga nan an tsallake. Layi ake jerawa daga mai maki mafi yawa, ana kirgawa har kujeru su ƙare. Inda suka ƙare nan ne makin wannan shekarar, baɗi kuma ya canza.

Ni shekarar farko 243 na samu, ban shiga ba. Na zauna gida, da safe ina taya yayana a shagon gyaran waya a Farm Centre, da daddare ina bin tsofaffin tambayoyi. Na sake zama na samu 291, na shiga. A ganina 257 a bakin gaɓa take. Ba zan ce ba za ta yiwu ba, amma da ƙanwata ce ba zan ce mata ta fara ɗinkin farar riga ba. Abin da ya rage a hannunta shi ne tantancewar da jami'a ke yi bayan JAMB. Ta ajiye komai ta fuskance ta, kamar ba ta taɓa cin wata jarabawa ba.

Shi kuma mai babbar riga, Baffa, in ka lura da tsarinsa ba ya faɗuwa. In ta samu da ƙoƙarinta, ya ce shi ne, ya karɓi cikon. In ba ta samu ba, ya ce kuɗin sun shige hannun wasu.

Ɗan Kurna:

Duk wannan lissafin a takarda ne. Ƙasar nan in ba ka da kowa sai dai ka kalla. Alhaji in kana da wanda za ka gani ka je ka gan shi kawai.

Malamin Kemistiri:

Alhaji barka da ƙoƙari. Shekara goma sha shida ke nan ina koyar da 'yan aji shida, duk shekara sai na zauna da iyaye a kan wannan maganar, don haka bari in ɗan tsawaita.

Ɗan Kurna, ban ce babu sanayya a duniya ba. Amma tun 2017 da JAMB ta kawo manhajar CAPS, duk admishan ɗin da bai bi ta cikinta ba hukumar ba ta san da shi ba. Jami'a ce ke tura sunaye, JAMB ta duba ta amince, sannan ɗalibi ya shiga da kansa ya danna ya karɓa. Wanda ya ce zai ba ka takarda ta bayan gida, takardar da za ta hana yarinya tafiya bautar ƙasa bayan ta gama zai ba ka.

Yanzu ga maganar "ɗan Kano shigewa yake". Jami'o'in tarayya suna raba gurabe gida uku. Kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne zalla, daga ko'ina mutum ya fito, ɗan Legas ne ko ɗan Inugu. Kashi 35 na yankin da jami'a take, ga BUK kuwa Kano na ciki. Sauran kashi 20 na jihohin da aka ce an bar su a baya a boko, su 23, Kano ma tana cikinsu. A ido sai ka ce yarinyarka tana da ƙofa uku. Haka ne, amma dubi su waye a bakin kowace ƙofa. Ta cancanta, 257 da wuya ta tsallaka. Ta ƙarshe, jihohi da yawa ne ke rabon ɗan abin da ke ciki. Tata ita ce ta tsakiya, kuma a nan za ta tarar da yaran makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, da 'yan matan Garko, da 'ya'yan makarantun kuɗi na cikin birni. Duk 'yan Kano ne kamarta, duk BUK suke so don kowa ya fi son ɗansa ya kwana a gida. Zama ɗan Kano ya fi yi wa mutum rana a kos ɗin da ba a cunkushe ba. A likitanci kamar ka ce kai ɗan Kwari ne a tsakiyar Kwari.

Sakamakon WAEC ɗinta yana da abu ɗaya mai kyau sosai: kiredit biyar ɗin da ake nema duk ta haɗa su a zama ɗaya, makarantun likitanci da yawa kuma ba sa karɓar haɗin zama biyu. Raunin shi ne C6 da C4. Inda ake ba darajojin maki wajen haɗa jimilla, mai A1 yana wuce mai C6 ko da JAMB ɗinsu ɗaya. Idan NECO ta fito ta fi kyau, a ɗora ta a madadin wannan.

Abin da nake so ka yi gobe, ba jibi ba: ku je cibiyar CBT, wato ta jarabawar kwamfuta, da JAMB ta amince da ita, ba kowane kafe ba, a tabbatar an ɗora sakamakon WAEC ɗin a shafinta. Ta yi rajista ne tana jiran sakamako, saboda haka ba zai hau da kansa ba. Ina da ɗalibi mai 280 da ɗoriya da ya rasa shekara guda a kan wannan kaɗai. Ya ba wani mai kafe kuɗi, ya ce masa an yi, ashe ba a yi ba. Ranar da muka gano sai da yaron ya zauna a dakalin ƙofar makaranta ya kasa tashi.

Batun zaɓi na biyu kuma kada ka dogara da shi. A kos irin wannan, kusan kowace jami'a masu zaɓin farko sun ishe ta. In kuna son Northwest ko jami'ar tarayya ta Dutse da gaske, sai an je an mayar da ita ta farko, a kuma yi hakan kafin su rufe tantancewarsu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Anti mai gashin ƙashi:

Alhaji ni ta wani gefen zan zo. Ɗana ɗalibin likitanci ya ce ya zauna shekara ya sake, Allah Ya yi masa albarka, amma shi namiji ne. Mace ta zauna gida shekara guda a garin nan, ka fi ni sanin abin da ke biyo baya. Yau wannan ya aiko, gobe gwaggo ta ce zaman me take yi, kafin JAMB ta zagayo an kawo kuɗin gaisuwa. Ƙawayena biyu haka tasu ta ƙare. Ban ce aure laifi ba ne, ni ma da 'ya'yana huɗu. Amma in za ta jira, kai ne za ka tsaya mata, ka faɗa wa dangi da bakinka.

Ni ma likitanci na nema. Sunana ya fito a gashin ƙashi, na yi kukan kwana uku kafin na karɓa. Yau shekara tara ina aiki. Akwai wani dattijo da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, a kujera ake turo shi. Ranar da ya tako ƙofar ɗakinmu da sandarsa shi kaɗai, ya tsaya yana haki yana dariya, wallahi ban tuna da wani likitanci ba.

BUK tana da aikin jinya, kimiyyar gwaje-gwaje, ɗaukar hoton asibiti, duba ido, haƙori da harhaɗa magunguna. Amma kada a ɗauka banza ne, jinya musamman layinta dogo ne, 'yan mata sun yi mata caa. Da 257 dai tana da ƙarfi a wasu daga cikinsu fiye da yadda take da shi a likitanci. Gargaɗina biyu. Kada kowa ya ruɗe ta da cewa ta karɓi Anatomi ko Bayokemistiri "daga baya a mayar da ita", mutane da yawa sun shiga da wannan niyyar sun fita da digirin da ba su so. Sannan in ta danna karɓa a CAPS, ta rufe ƙofar wannan shekarar, babu wata jami'a da za ta sake ba ta.

Masu cewa a kai ta waje kuma, a da Sudan ce mafita ga mutanenmu. Tun yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 aka kwaso yara, wasu suna ajin ƙarshe. Ga dala yadda ta koma, kuma ko an gama a waje sai an dawo an zauna jarabawar MDCN.

Ka tambaye ta, ita kaɗai ba a gaban mutane ba: sunan likita take so, ko zama kusa da mara lafiya?

Baffan yarinya, Kantin Kwari:

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Malam, Allah Ya biya ka. Jiya da safe na bar yaro a shago muka je. Ashe kuwa ba a ɗora ba, wurin fayau yake. Sai da muka yi awa uku a layi, amma an yi, na sa an buga mana takardar na riƙe.

Hajiya, na yi abin da kika ce. Bayan isha'i na kira ta tsakar gida, na ba ta wayata ta karanta duk abin da kuka rubuta. Ta daɗe ba ta ce komai ba, tana ta murza gefen hijabinta. Can ta ce, "Baffa, a bar shi a likitanci bana. In jami'a ta ba ni gwaje-gwaje ko jinya zan karɓa, don masu ɗibar jinin Abba da masu sa masa na'ura sun fi likita daɗewa a kansa. In Anatomi ce ba na so, gara in sake." Na ce in ta kai ga sakewa, duk wanda ya zo da maganar aure ni zai tarar a zaure.

Mai babbar riga ya dawo yau da hantsi. Na ce masa mun fasa. Ya ce zai rage mini zuwa 250,000, na ce albarka.

Ɗana ɗalibin likitanci, in ba damuwa, waɗanne littattafai ka bi na Fiziks a shekarar da ka sake? Nan ne ta ce ƙafarta ba ta da ƙarfi, kuma ranar Asabar zan shiga Sabon Gari.