Yini guda a Narita: wane tsohon gari za mu leƙa?

Hajiya Sadiya: Salamu alaikum 'yan zaure. Za mu yada zango a Narita, garin filin jirgin saman da ke kusa da Tokyo a Japan, yini guda gare mu. Alhaji na son tsohon gari mai tarihi, ba hayaniyar Tokyo ba. Ina kuke ganin ya dace?

Malam Bala: Wa alaikumus salam Hajiya. Sawara za ku, a lardin Chiba, tafiyar kamar minti 30 a jirgin ƙasa. Garin 'yan kasuwa ne na bakin ruwa. Tun da gwamnatin Tokugawa ta karkatar da kogin Tone zuwa gabas a ƙarni na 17, shinkafa da giyar sake da miyar waken soya suka riƙa bi ta nan cikin jiragen ruwa zuwa Edo, wato Tokyo ta yau. Ku bi bakin ƙaramin kogin Ono, za ku ga matakalan dutse da ke gangarawa har cikin ruwa, inda ake sauke buhuna a da. Da jirgin ƙasa ya iso a 1898, sai harkar ruwa ta fara ja da baya.

Nura: Malam ya bar babba! Gidan Ino Tadataka, shahararren mai zana taswirar Japan, na nan bakin ruwan. Ya shigo garin yana ɗan shekara 17 a matsayin suruki, ya yi arziki, da ya kai wajen 50 ya bar wa ɗansa kasuwanci ya tafi Edo koyon ilimin taurari. A 1800 ya fara auna gaɓar tekun Japan da ƙafa. Ya rasu a 1818, almajiransa suka kammala taswirar a 1821. Gidan adana kayansa na tsallaken gada, ni a ganina ya fi komai a garin.

Hajiya Sadiya: Ikon Allah! Abinci fa?

Anti Rabi: Gasasshen kifin unagi suka shahara da shi, amma Hajiya ki tambaya, ana zuba mirin (wani ruwan ɗanɗano na shinkafa) a romonsa, kuma akwai barasa a ciki. Ki ce a gasa muku ba romo, shirayaki suke ce masa.

Malam Bala: Ku isa da wuri, shagunan ba sa kaiwa dare. In kun faɗa Yuli ko Oktoba, ku duba ranakun bikin garin, cunkoso ake yi sosai.

Hajiya Sadiya: A Maris ne. Allah ya saka da alheri, bari in tura wa Alhaji.