Ku da kuka taɓa kai ɗaliban kimiyya ziyarar jami'a, me kuka tarar?

Malamar Kemistiri:
Assalamu alaikum. Makarantarmu ta amince in kai 'yan ajin ƙarshe na kimiyya ziyarar wuni guda wata jami'a. Sashen da zai karɓe mu ya turo tsari: lacca da safe a babban zaure, zagayen ɗakunan gwaji da rana. Hankalina bai kwanta da laccar nan ba. Yaran nan kullum a zaune suke ana yi musu magana, ban ga amfanin kwasar su a mota don su je su sake zama ba. Malamai, ɗalibai, iyaye, me ya zauna a ran yaranku bayan an dawo?

Malamin Fiziks mai ritaya:
Wa alaikumus salam, Malama. Ki roƙe su su taƙaita laccar. A tamu ziyarar, wani ɗalibin digiri na uku ya zuba ruwan nitirojin mai tsananin sanyi a kan wani ɗan baƙin faifai, ya ɗora maganaɗisu, sai ga shi yana shawagi a sama bai taɓa komai ba. Na daɗe ina koya musu cewa wasu abubuwa, irin wannan faifan, idan suka yi sanyi matuƙa, lantarki kan ratsa su babu turjiya, kuma masanin Fiziks Kamerlingh Onnes ne ya fara ganin haka a jikin zaiba, a birnin Leiden na ƙasar Holan, a 1911. Su rubuta, su ci jarrabawa, shi ke nan. Amma ranar wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta zura fensir ƙarƙashin maganaɗisun don ta tabbatar ba zare aka ɗaura ba, sannan ta ce, "Idan faifan ya ɗumama fa?" Aka ce ta jira ta gani. Nitirojin ɗin ya ƙafe, maganaɗisun ya sauko ya kwanta. Tambayar tata ce, ba ni na ba ta ba, kuma ita ta fi komai faranta min rai.

Mai kula da ɗakin gwaji:
Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya. Mu ne ke karɓar baƙin, bari in faɗi namu ɓangaren. Ruwan nitirojin yana kan digiri 196 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, kuma idan ya koma iska yana kumbura kusan ninki 700, ya kore iskar da ake shaƙa. Shi ya sa ba ma yarda a cika ƙaramin ɗaki da mutane, ba kuma rowa ba ce. Abin da ya fi ɓata mana shiri shi ne makaranta ta faɗi adadi, ta zo da ninkinsa. Tabarau da safar hannu ba su isa ba, dole gwajin hannu ya koma kallo. Malama, ki faɗi adadin gaskiya, kowa ya sa takalmi rufaffe, kuma ki nemi a raba su ƙananan rukuni.

Wani uba:
Abin da ya sami ɗana ke nan. An tura su gaba ɗaya cikin ɗaki guda, dogaye suka tare gaba, shi ƙeyar mutane kawai ya gani. Da na tambaye shi me ya koyo, hotunan gine-gine ya nuna min. Wani abin da ya fi min ciwo, a shekarar da ta biyo baya sai makarantar ta ce na gaban aji kaɗai za su je, ƙanwarsa aka bar ta a gida tana kuka. Malama, don Allah kada ki zaɓe da maki. Wanda darasin bai shige shi a allo ba shi ya fi bukatar ya gani da ido.

Ɗalibar jami'a:
Ni ziyarar ce ta kawo ni inda nake. Mun fitar da DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta, daga albasa da hannunmu: sabulu ya fasa ɓawon ƙwayoyin halitta, aka sa gishiri, aka tace, aka tsiyaya barasar gwaji mai sanyi a hankali. Da yake DNA ba ya narkewa a cikinta, sai ya taso fari-fari kamar zaren auduga, muka naɗe shi a tsinke. Amma abin da ya fi tsaya min shi ne hira da yayar da ta kula da rukuninmu. Ta buɗe min littafin aikinta, shafi bayan shafi gwaje-gwajen da ba su yi ba, kowanne da kwanan wata da dalilin da take zato. Kafin nan na ɗauka masu bincike ba sa kuskure, ni kuma mai yawan kuskure ba wurina ba ne. Malama, ki samar musu lokacin hira da irin waɗannan yayyen, ba tare da malamai sun tsaya a kansu ba.

Malamin Bayoloji:
Ni ban yarda a soke laccar gaba ɗaya ba. A nan ne yarana suka ji darussan da kowane kwas ke nema kafin a ɗauki mutum, wasu ma ranar suka fara jin sunan wasu fannoni. A gajarta ta dai. Abin da ya yi mana aiki shi ne shiri tun daga aji. Na nuna musu cewa madubin ƙara girman abu mai aiki da haske ba ya bambance abin da ya gaza kusan nanomita 200 (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita guda), shi ya sa yawancin ƙwayoyin bairos ba sa ganuwa a cikinsa, kuma wannan iyakar ce ta kai Ernst Ruska da Max Knoll ga ƙera madubin ilektron, mai aiki da ƙwayoyin lantarki maimakon haske, a 1931. Sai muka aika da matacciyar tururuwa da yaran suka tsinto da kansu don a duba ta a madubin ilektron na jami'ar. Da idonta ya cika allon kwamfuta, kowa ya san abin da yake kallo, har suna musun ko na wa ce.

Mai kula da ɗakin gwaji:
Malam, wannan dabarar ta yi, sai dai a aiko da samfurin kwanaki kafin zuwa. Cikin na'urar babu iska, don haka sai an busar da shi sarai, a lulluɓe shi da siririn zinare don ilektron kada su taru a jikinsa su ɓata hoton. Ku kuma gaya wa yaran tun a aji cewa hoton baƙi da fari zai fito; launin da suke gani a littattafai daga baya ake sa shi.