Tambarin gahawa da darajar mai sha

A hirarmu da masu shirin buɗe shagon gahawa, yawanci sun ce tambari ya zama mai sauƙi, a gane shi daga nesa. An kawo misalin Starbucks, babban kamfanin shagunan gahawa na Amurka: a 2011 suka cire sunansu daga tambarin, suka bar 'yar ruwa mai wutsiya biyu cikin kore, don kofin hannunka kaɗai ya isa ya faɗi ko kai waye. Wani ya ja kunne: sabon shago bai kai nan ba, gara ya rubuta sunansa ƙarara. Launi kuma, baƙi da ruwan zinare na kiran masu hannu da shuni, jan Nescafé kuwa har teburin mai shayi ya san shi. Ni dai na sha ganin samari suna juya kofi don tambarin ya fito a hoto.