Mustang ɗin mahaifina ta shekara uku a tsakar gida: in sa mata injin Lexus ko in ci gaba da nata?

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman wurin wanda ya taɓa sa hannu a tsohon injin Amurka.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya taho da motar nan da ya gama karatu a Amurka. Ford Mustang ce ta 1968, injin V8, wato mai silinda takwas, mai lamba 289, giya otomatik. Lokacin da ta iso an riga an koma bin hannun dama tun 1972, don haka sitiyarinta na hagu ya yi daidai da titinmu. Tun ina firamare ta tsaya ƙarƙashin darbejiya da tamfol a kanta. Da aka zo rabon gado yayyena suka yi mata kuɗin ƙarfen gwangwan, na ce a sa min ita a kasona. Na ja ta zuwa gidana, na ce wata shida zan tashe ta. Yau shekara uku ke nan.

Farkon abin da ya ƙona min rai notuna ne. Duk motar awon inci ce, sifanun garejinmu kuwa na milimita. Yaron bakanike ya sa sifana 13 a kan noti mai rabin inci, ya yi ta murɗawa har kan ya zama kamar goro. Inda 14 ta ƙi shiga sai ya sa guduma. Ina dawowa daga kasuwa na tarar da notuna bakwai sun lalace, biyu sun karye a ciki. Na zaga Ƙofar Ruwa kwana biyu da guntun a aljihuna ina gwada zare.

Sai ƙasan motar. Ranar da na ɗaga kafet ɗin wajen direba, simintin tsakar gida na gani ta cikin rami. Fanel bita ya yanke, ya liƙa faranti irin na ƙofar gida, ya shafe da fila, na biya. Ruwan farko na damina, da safe na buɗe ƙofa na ga ruwa kwance a kan sabon aikin, alhali gilasai a rufe suke ruf.

Na aika wa abokina a Amurka ya sayo min kayan gyaran kafireto. Wata biyu ina jira, da suka zo na kafireto mai maƙogwaro huɗu ne, tawa mai biyu ce. Kun kuma san inda dala ta nufa tun 2023.

Yanzu dai injin yana tashi, amma yana kakkarwa kamar mai masassara, yana atishawa ta kafireto har da wuta, kuma minti goma allurar zafi ta kai ƙarshe. Bakanike ya ce in daina wahalar da kaina, a cire shi a sa na Lexus, wai shi ma V8 ne. Maiɗakina tana son tsakar gidanta, kuma tana da gaskiya, yara ba su da wurin wasa. Hajiya kuwa duk sanda ta zo sai ta dafa bonet ɗin ta ce tun daga bakin layi take gane ƙarar Alhaji ya dawo. Ƙarar nan nake son ta sake ji, shi ya sa maganar canza injin take min nauyi. Me kuka gani?

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan Alhaji. Kada ka bari a taɓa injin nan sai ka duba abin da zan faɗa maka, ba zai ci ka ko kwabo ba.

Wa ya jera maka wayoyin filogi? Injin 289 yana kunna silinda ne a jeren 1-5-4-2-6-3-7-8. Akwai wani jeren na Ford, 1-3-7-2-6-5-4-8, na injin 351 ne da wasu 302 na baya-bayan nan. Yaran yanzu sukan buɗe waya su kwafi hoton da suka fara gani. In aka sa maka na biyun, silinda huɗu za su yi daidai, huɗu su saɓa, sai mota ta tashi tana rawa tana harbi ta kafireto, sak yadda ka kwatanta. Ka kuma lura, Ford tana ƙirga 1 zuwa 4 a gefen fasinja daga gaba zuwa baya, 5 zuwa 8 a gefen direba, kuma distiributa ɗin, mai raba wa filogi wuta, tana juyawa ne saɓanin agogo. Wanda ya saba da Fijo da Toyota nan yake ruɗewa. In ka gama, ka duba buɗin kwantak ɗin da ke cikin distiributa, 0.017 na inci ne, a auna da ma'auni, ba da ido ba.

Zafi kuma, motar da ta shekara fiye da ashirin da ruwan rijiya a cikinta, hanyoyin ruwan injin sun cika da tsatsa kamar kunu. A sauke lagireto a buɗe a zura masa tsinke bututu bayan bututu. A ɓalle murfayen ƙarfen nan masu kama da kwabo da ke gefen injin, a wanke da tiyo har ruwa ya fito fari, a sa sababbi. Za su ce maka a cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan injin, a yar, kada ka yarda. Wuta ma in tana zuwa a makare tana sa zafi, don haka ka fara da wayoyin.

Wani abu, tunda ka ce otomatik ce: giyar C4 ta wannan shekarar man Type F take sha. Kada a zuba mata duk jan man da aka samu a kanti.

Na Sharaɗa:

Yaya, ni gaskiya zan faɗa maka don na bi irin hanyar nan da tsohuwar Marsandi har ta cinye min kuɗin fili. Ko injin ya gyaru, lita 4.7 ne da kafireto, a zamanin da babu tallafin mai. Gaskit ɗaya ya lalace sai ka jira jirgi. Injin Lexus 1UZ lita 4 ne, yana da lafiya, kayansa suna nan a gari, kowane rewaya ya san shi. Hajiya za ta fi jin daɗin ka ɗauke ta a motar ku zaga gari a kan ta riƙa ganinta bisa bulo. Iyali ma suna da haƙƙi. Ka sa wa kanka wa'adi, in Babbar Sallah ta zo bai daidaita ba, ka canza.

Tsohon Bakanike:

Malam na Sharaɗa, maganar wa'adi na yarda da ita. Amma canza injin ba aikin yini ɗaya ba ne. Sai an ƙera masa mazauni, a canza giya, a yanka shaf, a kawo kwamfuta da wayoyinta, a sa famfon mai mai ƙarfi. Wanda bai iya jera waya takwas ba, shi za a damƙa wa wannan?

Mai Walda Dakata:

Ranka ya daɗe, ruwan nan ba ta ƙasa yake shiga ba. Ka duba ragar iska da ke tsakanin bonet da gilashin gaba. Ƙarƙashinta akwai wani akwatin ƙarfe da ruwan sama ke bi ya fita ta gefe. Mustang na shekarun nan sun yi suna wajen ruɓewa a nan. Taka kuma ta zauna ƙarƙashin darbejiya, ganye da ƙurar hunturu sun toshe mafitar, laka ta kwanta ta ci ƙarfen. Ka zuba ruwa bokiti ɗaya a ragar, wani ya kwanta a ƙasan dashbod da tocila. In ya zubo, sai an cire gilashin gaba da fukafukan gaba, a huda ɗigon waldar ɗaya bayan ɗaya a ɗaga murfin. Aiki ne na mako biyu ko fi, kuma da siririn faranti ake yi, ba na ƙofa ba. Kafin nan ka rufe ragar da leda mai kauri. Kada ka sake kashe ko sisi a ƙasan motar sai an yi wannan.

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba, jiya bayan la'asar na bi wayoyin da takarda a hannu. Jeren 351 ɗin ne aka sa min. Na musanya 3 da 5, na musanya 4 da 7, na murɗa makulli. Wallahi sai da na zauna a bakin ƙofar motar na yi shiru. Kakkarwar ta tafi, sai wani gurnani mai nauyi da nake ji har a ƙirjina, wanda rabona da shi tun ina ɗan shekara tara. Na kira Hajiya na kara wayar kusa da salansa, ba ta ce komai ba sai addu'a take ta yi wa Alhaji.

Malam na Dakata, na yi gwajin bokiti, babban ɗana ya kwanta da tocila, ruwan a fuskarsa ya sauka ta gefe biyu. Wannan zai jira sai na tara kuɗi, na dai rufe da leda.

Ƙanina na Sharaɗa, na karɓi wa'adin, na kuma faɗa wa maiɗakina da bakina.

Zafin bai daina ba, ya dai koma minti ashirin maimakon goma. Ranar Asabar zan sauke lagireto da kaina. Baba, murfayen nan na gefen injin, ana iya ɓalle su duka injin yana cikin mota, ko na baya sai an sauke giya? Kuma in akwai wanda ya san mai sayar da cikakken saitin sifanun inci a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, don Allah ya kwatanta min layin.