Wata sha tara ina jiran kwali ɗaya

Mai Jiran Kwali: Salamu alaikum jama'a. Yau sai na amayar da abin da ke cikina. Wata sha tara ke nan da na zuba dala 130 a wani karo-karon buga wasan tebur ta intanet. Hotunan da suka nuna kamar ka miƙa hannu ka ɗauka: allo mai naɗi huɗu, kati sun fi ɗari uku, ga 'yan mutum-mutumin roba cike da kwali. Alkawarin wata goma suka yi. Jiya da dare sai ga saƙo, wai kowa ya ƙara dala 45 kuɗin dako, in ba haka ba kwalinsa ya ci gaba da kwana a sito. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Amma wallahi wannan harkar damfara ce aka sa wa babbar riga. Yanzu in biya ko in haƙura?

Ɗan Lissafi: Wa alaikumus salam. Allah ya ba da haƙuri, Malam, amma kalmar damfara ta yi nauyi. Ɗan damfara ba ya turo maka saƙo bayan wata sha tara, layinsa ma ba za ka ƙara samu ba. Naka sunansa jinkiri.

Uwar Biyu: Jinkiri? Mutum ya karɓi kuɗinka, ya riƙe kayanka, sannan ya ce sai ka ƙaro kafin ya sake su. Ɗan'uwa, in wannan ba damfara ba ce, to garkuwa da kwali ce.

Ɗan Lissafi: Hajiya, ki tsaya ki ji yadda abin yake. A Kickstarter, shafin da ake irin wannan karo-karo, ba kanti ka shiga ba, su da kansu sun faɗi haka tun 2012. Mai wasan yana yanke adadin da yake nema. In ba a kai ba, ba a cire wa kowa ko sisi. In an kai, shafin ya ɗauki kashi 5 cikin ɗari, masu sarrafa katin banki su ɗauki nasu, saura ya tafi masana'anta, galibi a Sin. Kuɗin dako kuma an ƙiyasta shi shekara guda ko biyu kafin kaya su hau jirgi. A 2021 kwantenar da ake ɗauka a kan dala dubu biyu ta haura dubu goma. A Afrilun 2025 harajin da Amurka ta ɗora wa kayan Sin ya kai kashi 145 cikin ɗari. Ƙaramin kamfani mai mutum uku ina zai samo cikon?

Uwar Biyu: Ya samo inda ya samo bakin yin alkawari.

Tsohon Hannu: Ku bari in faɗa muku abin da ake kira damfara na gaske, don yaran yanzu komai damfara. A 2012 an tara sama da dala dubu 122 don wasan The Doom That Came to Atlantic City. A 2013 mai karo-karon ya ce aiki ya rushe. A 2015 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta tuhume shi da kashe kuɗin a hayar gida da ƙaura da hidimar kansa, kuma shi ne karo na farko da ta kai ƙarar mai irin wannan karo-karo. Wannan shi ne cin amana. Bayan rushewar aikin ma wani kamfani, Cryptozoic, ya buga wasan ya aika wa waɗanda suka zuba kuɗi. Kai da kwalinka ke sito ai gode wa Allah za ka yi.

Mai Jiran Kwali: Baba, wa ya ga kwalin a siton? Hoto ɗaya suka turo, kwalaye a jere a kan katako, ko rubutu ba a gani.

Sarkin Kati: Ni dai masu cewa damfara ban san ko sun taɓa buɗe kwalin wasan Gloomhaven ba. Kusan kilo goma. Wane kamfani ne zai yarda ya buga wannan dodon da kuɗin aljihunsa, ga mai ƙirar da ba a san shi ba? Karo-karo ne ya haife shi a 2015, ya yi shekaru yana na ɗaya a jerin BoardGameGeek, shafin da masu wasan tebur ke ba wasanni maki. Ƙaninsa Frosthaven ya tara kusan dala miliyan 13 a 2020. Wasan Exploding Kittens mutum sama da dubu 219 suka zuba masa. Duk waɗannan wawaye ne?

Uwar Biyu: Frosthaven ɗin da aka yi alkawarin 2021, bai fara isa hannun mutane ba sai ƙarshen 2022? Ka manta ka faɗi wannan, Sarki.

Sarkin Kati: Amma ya iso ko bai iso ba?

Mai Sanyi: Ni ina ganin ba damfara ba ce, ba kuma ciniki ba ne. Caca ce kawai.

Tsohon Hannu: A'uzubillahi. Yaro, iya bakinka. Ni na zuba kuɗi a karo-karo ya fi sau ashirin, kana nufin ɗan caca ne ni?

Mai Sanyi: Baba, ba haka nake nufi ba, a yi mini afuwa. Ina nufin ka ba da kuɗi, ko ka samu ko ka rasa.

Tsohon Hannu: To manomin da ya zuba iri shi ma ɗan caca ne? Janye kalmar.

Ɗan Lissafi: Akwai ma alƙaluma. A 2015 wani malami a Jami'ar Pennsylvania ya yi bincike a kan Kickstarter, ya gano kusan kashi 9 cikin ɗari na ayyukan da suka samu kuɗi ne ba su cika alkawari ba. Caca ba ta ba mutum tara cikin goma.

Uwar Biyu: Binciken da aka yi da haɗin gwiwar shafin kansa, kuma shekaru da dama kafin tsadar kwantena. Kai wai nawa suke biyanka ne? Kullum aka taɓa su sai ka fito da lissafi kamar akawunsu.

Ɗan Lissafi: Hajiya, wannan ƙazafi ne. Ke da kika sha yabon Gamefound, shafin karo-karo na ƙasar Poland, a nan, wa ya ce 'yan Poland na biyanki?

Uwar Biyu: Ban taɓa yabonsa ba. Cewa na yi ya fi sauƙin cike adireshi. Nemo inda na yaba ka kawo.

Sarkin Kati: Abin da ba wanda ya faɗa shi ne mu ma da laifinmu. Da an ce "in kuɗi ya kai kaza za mu ƙara dodanni biyar kyauta", sai mu yi ta ihu a ƙaro. Kowane ƙari sabon mazubi ne a masana'anta, kwali ya ƙara nauyi, dako ya ƙara tsada. Shi ya sa kamfanin Stonemaier, bayan wasansu Scythe ya tara musu dala miliyan 1.8, suka daina karo-karo suka koma bugawa da kuɗinsu.

Mai Sanyi: Wato har masu cin riba sun gudu. Na ce caca ce aka ce in janye.

Tsohon Hannu: Ka sake maimaitawa? Shugaba, kana gani fa.

Shugaban Zaure: To jama'a, ya isa haka, zan taƙaita. An tattauna sosai, kuma mafi rinjaye sun gamsu cewa karo-karon wasanni alheri ne, ba don shi ba da manyan wasanni da yawa ba su zo duniya ba. Ni kaina huɗu nake jira yanzu kuma hankalina kwance. Ɗan Lissafi ya kawo hujjoji masu ƙarfi waɗanda ba a iya rushewa ba. Hajiya ta yi magana cikin ɓacin rai, mun fahimce ta. Kalmar damfara da ta caca daga yau an hana su a nan. Malam mai kwali kuma darasi ya samu, nan gaba ya riƙa karanta sharuɗɗa.

Uwar Biyu: Wane rinjaye? Mu uku ne, ku uku, sai kai da ka ƙirga kanka.

Mai Jiran Kwali: Don Allah, dala 45 ɗin nan, ranar Juma'a za su rufe karɓa. In biya ko kar in biya?